Tambayoyin Masu Karatu: Zuwa Ƙasar Waje Koyon Wasan Kwaikwayo

Wasiƙun da suka zo mana a wannan karon galibinsu daga ɗaliban sashen wasan kwaikwayo suke, masu son yin zango ɗaya ko shekara ɗaya a wata makaranta a ƙasar waje, su dawo su ƙarasa digirinsu. Mun haɗe waɗanda suka yi kama da juna, mun kuma rage tsawon wasu.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina aji biyu a jami'a. Na ga tallan shirye-shirye da yawa na zuwa Landan zango ɗaya, kowanne da hoton dandamali da fitilu. Ta yaya zan gane wanda zai amfane ni? Daga wani ɗalibi.

Amsa: Wa alaikumus salam. Shiri iri uku ake sayarwa da suna ɗaya, kuma duka ukun hoton dandamali suke sawa a talla.

Na farko horo ne irin na makarantun 'yan wasa zalla. A Landan akwai RADA da aka kafa a 1904, da LAMDA wadda asalinta ya koma 1861, da BADA mai karɓar baƙin ɗalibai. A Dablin akwai Gaiety School of Acting, a Amurka kuma akwai National Theater Institute da ke cibiyar Eugene O'Neill a jihar Connecticut. A irin waɗannan makarantu awa 30 ko fiye za ka riƙa yi a mako a ɗakin horo, kuma a tsaye: darasin murya da numfashi, motsa jiki, faɗan dandamali, sarrafa baitocin Shakespeare, da aikin fitowa-fitowa tare da abokan aji. Ajin ƙarami ne, mutum goma sha wani abu. Makonnin ƙarshe kan tafi wajen haɗa wasa guda da za a nuna wa jama'a ko malamai. Fashi da makara ba a ɗaukar su da sauƙi, domin in ba ka zo ba abokin fitowarka ma ya rasa darasinsa.

Na biyu nazari ne a sashen wata jami'a. Awa 8 zuwa 12 a aji a mako, sauran lokacin karatu ne da kallon wasanni da rubuta muƙala. Na uku rangadi ne na mako biyu zuwa huɗu, inda malamin jami'a ke jan ɗalibansa su kalli wasanni, su zaga bayan dandamali, su halarci ajin horo ɗaya ko biyu.

Kowanne da ranarsa. Mai son zama marubuci ko mai sharhi ko malami zai fi ƙaruwa da na biyu, ɗan wasa kuwa na farko yake bukata. Asarar ita ce ka biya kuɗin na farko a ba ka na biyu. Don haka rubuta musu ka nemi jadawalin mako guda na zangon da ya wuce, na gaske, mai ɗauke da awoyi da sunayen darussa. Ƙirga awoyin da ɗalibi ke tsaye yana aiki. Tambayi yawan 'yan aji. Tambaya kuma ko da ɗaliban makarantar na shekara uku za a haɗa ka, domin a yawancin manyan makarantun baƙi ajinsu daban, kuma gara ka san haka tun kana gida. Makarantar da ta yi ta hanya-hanya a kan jadawali ta riga ta ba ka amsa.

Duba lokacin shekara ma. Gidan wasan Globe na Landan, wanda aka buɗe a 1997, ba shi da rufi a tsakiya, don haka babban kakar wasanninsa daga bazara take zuwa wajen Oktoba. Da hunturu aiki kan koma ƙaramin ɗakin Sam Wanamaker mai hasken kyandir. Bikin wasannin kwaikwayo na Avignon a Faransa a Yuli ake yin sa, na Edinburgh a Birtaniya a Agusta, dukansu kuma a 1947 suka soma. Wanda ya je zangon Janairu zuwa Afrilu ba zai ga ko ɗaya daga cikin bukukuwan ba.

Tambaya: Malam, an ce in turo bidiyon gwaji mai jawabi biyu masu bambanci, ɗaya na da, ɗaya na zamani. Waya kawai gare ni. Me suke nema, kuma me ke kayar da mutane? Daga wata ɗaliba.

Amsa: Waya ta isa, 'yata. Jawabin da suke nufi shi ne wurin da ɗan wasa ke magana shi kaɗai a cikin cikakken wasan da aka wallafa. Na da, a makarantun Ingila, yawanci daga Shakespeare ne ko marubutan zamaninsa, kuma an fi son mai baiti. Na zamani a ƙa'idarsu za ki ga shekarar da suka yanke, ki bi ta. Tsawon kowanne wajen minti biyu ne, wato layi 25 zuwa 30 na baiti. Wanda ya zarce lokaci ana iya daina kallonsa kafin ya kai wurin da ya fi ji da shi.

Bambancin da suke so na hali ne. In a na farko mace ce mai roƙo cikin kuka, a na biyu ki kawo mai wayo da ke juya wani da dariya. Zaɓi mutanen da shekarunsu suka yi kusa da naki. Ki guji jawaban nan da kowa ya haddace, domin masu tantancewa sun ji su har sun ƙoshi, ki kuma guji waɗanda aka rubuta su kaɗai aka zuba a intanet ba wasa a bayansu. Karanta wasan gaba ɗaya. In kin kai mataki na biyu za su tambaye ki me ya faru kafin wannan magana, da wa kike yi, me kike so daga gare shi. Nan ne mafi yawa ke faɗuwa.

Baitin Shakespeare na yau da kullum gaɓa goma ne a layi, bugu biyar, mai rauni sannan mai ƙarfi. Kuskure biyu ake yi da shi: ko a rera shi har ma'ana ta ɓace, ko a tattake shi kamar zancen kasuwa. Ki nemo ma'anar kowace kalma, ki sake faɗin jawabin da kalmominki, sannan ki sa alama a inda kowane tunani ya ƙare, nan za ki ja numfashi. Kada ki ari harshen mutanen Landan. Lafazinki na asali, a fayyace, ya fi lafazin aro da ke cinye miki hankali.

Wajen ɗauka, ki kwantar da wayar a kwance a kan abin da ba ya motsi, daidai tsayin idonki. Haske ya fito daga gabanki. In taga na bayanki fuskarki za ta yi duhu. Bango ya zama fili, tufafi marasa ado, ba kayan wasa, ba kiɗa. A ɗauka daga ƙugu zuwa sama, sai in sun nemi ganin jiki duka a ɗaya. Da farko ki kalli kyamara ki faɗi sunanki da sunan wasan da marubucinsa da wadda kike kwaikwaya. In kin shiga jawabi, ki ɗora idonki dab da gefen kyamara, inda kika ajiye wanda kike yi wa magana a zuci. Kowane jawabi a ɗauke shi a tashi ɗaya ba yanka. Sauti ya fi hoto kashe bidiyo: kashe fanka, rufe ƙofa, kada ki yi nisa da wayar fiye da taku biyu ko uku, ki saurara da abin kunne kafin ki tura. In mahaɗa za ki aika musu, ki gwada buɗe ta a wayar wani, domin bidiyon da ke kulle daidai yake da wanda ba a turo ba.

A zagaye na biyu darakta kan ce ki sake yi ta wata hanya da ta saɓa wa wadda kika shirya. Abin da yake dubawa shi ne ko kina karɓar gyara nan take.

Tambaya: Wani abokina ya dawo daga zango ɗaya a waje, jami'arsa ta ƙi lissafa masa darussan, ya ƙara shekara. Ta ina zan kauce wa haka? Daga wani ɗalibin aji uku.

Amsa: Wannan ita ce tambayar da ta fi kowacce muhimmanci a yau, kuma maganinta kafin tafiya ake sha. Jami'arka ce ke ba ka digiri, ita kaɗai ke da ikon cewa darasin waje ya maye gurbin nata. Alkawarin makarantar da za ka je ba ya ɗaure ta.

Fara da sanin ma'auni. Kiredit shi ne ma'aunin nauyin darasi. A tsarin Turai na ECTS shekara guda kiredit 60 ce, zango 30, kuma kiredit ɗaya na nufin aikin awa 25 zuwa 30, har da karatun da ɗalibi ke yi shi kaɗai. A Birtaniya shekara 120 ce, zango 60, wato biyu nasu ɗaya ne na ECTS. A Amurka zango kan zama 12 zuwa 15, kuma an saba lissafa 30 na ECTS a matsayin 15 nasu. In ka kai wa ofishin magatakarda takarda mai lamba 60 ba bayani, ba su san da wane mudu aka auna ba.

Sai ka karɓo cikakken bayanin kowane darasi daga can: abin da ake koyarwa mako-mako, awoyi, da yadda ake ba da maki. Kai wa shugaban sashenku, ku zauna ku jera, wannan darasin a madadin wancan. A rubuta, ya sa hannu, jami'in jarrabawa ya sa hannu, ka riƙe kwafi. A shirin Erasmus, na musanyen ɗalibai na Tarayyar Turai, akwai takardar yarjejeniyar karatu da ɓangare uku ke sa wa hannu kafin tafiya: ɗalibi, jami'arsa, da mai masaukinsa. Ko shirinka ba Erasmus ba ne, kwaikwayi wannan tsarin. Amincewar baki ba ta da amfani ranar da aka canja shugaban sashe.

Wuri uku abin ke lalacewa. Na farko, wasu makarantun horo ba jami'o'i ba ne, takardar halarta suke bayarwa. Masu tsari a cikinsu kan jingina da wata jami'a da ke fitar da takardar sakamako da sunanta: zangon BADA na Landan ta Sarah Lawrence College yake bi, na National Theater Institute ta Connecticut College. Tambayi sunan da zai fito a saman takardarka. Na biyu, darussan dole da sau ɗaya ake koyar da su a shekara a jami'arka. In ka tafi a zangonsu, kuma su ne sharaɗin shiga darasin gaba, shekara ta tafi ko da an karɓi duk kiredit ɗinka. Na uku, ka isa can a ce darasin da aka amince maka ya cika ko an soke shi. Kada ka canja da kanka. Aika imel a makon farko, ka sami sabuwar amincewa a rubuce. Ka kuma tambaya tun yanzu ko makin zai shiga jimillar sakamakonka ko ci kawai za a rubuta, da yadda za a juya shi, domin maki 70 a Birtaniya daraja ta ɗaya ne, amma a ma'aunin Amurka tsaka-tsaki ne.

Tambaya: Wace biza ake nema, kuma zan iya yin ɗan wasa a can in sami na kashewa? Daga wani mai karatu.

Amsa: Tsawon shirin ne ke zaɓa maka biza. A Birtaniya karatun da bai wuce wata shida ba ana iya yin sa da bizar baƙo a makarantar da aka amince da ita, sai dai babu aiki a kanta, har da aikin koyon sana'a a gidan wasa. In shirin ya wuce wata shida, ko yana da aikin koyo a ciki, bizar ɗalibi ake bukata. Makaranta za ta ba ka lambar CAS, shaidar cewa ta ɗauke ka. Kuɗin da za ka nuna dole su kwana 28 a jere a asusu ba su yi ƙasa da adadin da aka yanke ba ko da yini ɗaya, kuma ranar ƙarshe ta takardar banki ta kasance cikin kwana 31 kafin ka nema. Wannan ƙa'idar ta kayar da mutane masu kuɗin a hannu, don kawai an taɓa asusun a tsakiya. Zaman da ya wuce wata shida yana jawo kuɗin kiwon lafiya da ake biya tare da biza, da gwajin tarin fuka ga mazauna wasu ƙasashe.

Batun wasa don kuɗi kuwa, cire shi daga lissafi. Ɗalibin digiri mai bizar ɗalibi na iya aikin awa 20 a mako lokacin karatu, amma an hana shi aiki a matsayin mai nishaɗantarwa, an kuma hana shi sana'ar kansa. Wasan da yake cikin darasi kuma ake ba shi maki daban ne.

A ƙasashen Schengen, wato ƙasashen Turai masu amfani da biza ɗaya, gajeruwar biza kwana 90 ce cikin 180. Zangon mako 14 kwana 98 ne, ya haura. Don haka mai zuwa Arezzo a Italiya koyon wasan fuskar aro na commedia dell'arte, ko mai zuwa Faransa, doguwar biza ta ƙasar yake bukata. A Italiya sai ka nemi izinin zama cikin ranakun aiki takwas da isowa, a Faransa ka tabbatar da bizar ta intanet cikin wata uku. Birtaniya da Ailan duka ba sa cikin Schengen, kuma kowacce da bizarta. In shirinku na Landan yana da ziyarar mako guda zuwa Faris, biza ta biyu ke nan, kuma masu shirya tafiyar kan manta da ɗalibin da fasfonsa ke bukatar ta. Tuna musu tun kafin ka biya.

A Amurka bizar F-1 ce da takardar I-20, ko J-1 da DS-2019 ga ɗan musanye, tare da kuɗin SEVIS na rajistar ɗaliban waje, dala 350 da dala 220 bi da bi. Dokokin biza na canjawa, don haka shafin gwamnatin ƙasar shi ne hujja a ranar da za ka nema.

Tambaya: 'Yata ta nace sai ta je. Ina so in san ainihin abin da zan kashe, da kuma ko akwai tallafi. Daga wani uba.

Amsa: Ranku ya daɗe, ku fara tambayar ko jami'arta na da yarjejeniyar musanye da wata jami'a. A musanye kuɗin makarantar gida kawai ake biya, sai masauki da abinci da tafiya. Shiga makarantar horo kai tsaye, ko ta kamfanin da ke shirya tafiya, ya fi tsada nesa ba kusa ba.

Ku nemi a rubuto muku abin da kuɗin shirin ya ƙunsa, layi-layi. Abubuwan da aka fi ɓoyewa su ne tikitin kallon wasanni, waɗanda a wasu darussan dole ne duk mako, da kuɗin ajiya na masauki, da kuɗin jirgin ƙasa ko bas tsakanin masauki da makaranta, da inshorar lafiya, da baƙaƙen tufafin horo da takalma, da kuɗin neman shiga da ba a mayarwa. Inshorar ku tabbatar ta ƙunshi rauni a ajin motsa jiki da faɗan dandamali. Ku karanta sharaɗin mayar da kuɗi in an hana biza kafin ku biya kashin farko.

Erasmus, wanda aka soma a 1987, yana ɗaukar ɗalibai daga wajen Turai ma, na wata 2 zuwa 12, ba kuɗin makaranta a can, da ɗan alawus. Amma ta jami'arta ake nema, kuma sai in jami'ar na da yarjejeniya a wannan fanni. Chevening, tallafin gwamnatin Birtaniya, na digiri na biyu ne mai shekara ɗaya, yana kuma bukatar ƙwarewar aiki ta shekara biyu, saboda haka ba nata ba ne yanzu. Duk dillalin da ya yi alkawarin gurbi a makarantar 'yan wasa ba tare da gwaji ba, ku bar shi. Gwamnatin Birtaniya na wallafa jerin makarantun da ke da lasisin ɗaukar baƙin ɗalibai, Amurka ma haka, kuma dubawa kyauta ne.

Tambaya: Ni haske da tsara dandamali nake so, ba fitowa ba. Akwai wurina? Daga wata ɗaliba.

Amsa: Akwai. Maimakon jawabi, kundin ayyukanki za a nema, sannan hira. Ki zaɓi aiki uku zuwa biyar, kowanne ki nuna shi daga tushe: binciken farko, zanen hannu, taswirar dandamali, hoton ƙaramin samfuri, sannan hoton wasan a gaban jama'a, da bayanin abin da ke naki a ciki. Hanyar da kika bi ta fi burge su a kan kyan hoton ƙarshe. A Birtaniya samfuri a ma'aunin 1:25 ake gina shi, Amurkawa kuwa da inci suke aunawa. Mai haske ta sa taswirar fitilu da jerin sauye-sauyen haske. Mai kula da dandamali ta kawo littafin da ta tafiyar da wasa da shi, ko da ya sha gyara da fensir. Sanin manhajar QLab ta sauti da na'urar ETC Eos ta haske zai rage miki wahalar makonnin farko. Babban baje kolin wannan fanni shi ne Prague Quadrennial, da ake yi duk shekara huɗu tun 1967.

Tambaya: Akwai abubuwan da ba zan iya yi ba na taɓa jiki da sutura. Za su kore ni? Daga wata mai karatu.

Amsa: Ajin motsa jiki akwai kwanciya a ƙasa, da riƙe hannu, da ɗaukar nauyin abokin aiki. Makarantu da yawa yanzu na da ƙa'idar neman yarda kafin taɓawa, da mai kula da fitowar da ke da kusantar jiki. Rubuta wa shugaban shirin bayan an ɗauke ki, kafin ki biya, ki faɗi iyakokinki dalla-dalla, ki nemi amsa a rubuce. Tufafi masu yalwa da ba sa harɗe ƙafa yawanci ba a musu a kansu. Shirin da ginshiƙinsa wasan jiki ne, irin tsarin makarantar Jacques Lecoq da aka kafa a Faris a 1956, shi ne zai fi wuyar daidaitawa.

Tambaya: Wasan wayar da kan al'umma nake so. Sai na je Turai? Daga wani ɗalibi.

Amsa: A'a. Wannan fanni ƙarfinsa a kudancin duniya yake. Augusto Boal na Brazil shi ya tsara salon da mai kallo ke tsayar da wasa, ya hau dandamali ya gwada tasa mafitar, kuma cibiyar da ya kafa tana Rio de Janeiro, sai dai da harshen Fotugis ake aiki. Jami'ar Wits a Johannesburg na da sashen Drama for Life mai horar da masu amfani da wasa a fannin lafiya da ilimi. Jami'ar Ghana da ke Legon na da makarantar fasahar wasanni, inda marubuciyar wasa Efua Sutherland ta bar babban tarihi. Ka tambayi awa nawa ake yi a cikin al'umma, da harshen da mutanen wurin ke ji, da wanda ke sa ido a kan ɗalibai a fili. Ka kuma lura da kalanda: a Afirka ta Kudu shekarar karatu daga Fabrairu take zuwa Nuwamba, zango na biyu kuma a Yuli yake somawa, don haka ka jera ranakunsu da na jarrabawar jami'arka kafin ka cike fom.